Yadda ake hana ruwan narkewar ƙanƙara shiga ɗakin ƙasa

"Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da muka sayi gida a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, tsohon gini ne na farkon shekarun 1970. A watan Afrilun bara, da ƙanƙara ta fara narkewa, muka wayi gari kafet ɗin ɗakin ƙasa ya jiƙe sharkaf ta kusurwa ɗaya, wajen taga. Akwai wani rami mai murfi da famfo a ciki kusa da injin wanki, ban taɓa buɗe shi ba. Wani ɗan kwangila ya ce sai an tone gidan a kewaye, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Yanzu ƙarshen Fabrairu muke, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a jikin bango. Me zan yi kafin ta narke, kuma wannan tonon dole ne?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a gidan. Tambayarka biyu ce a haɗe: me za ka yi a 'yan makonnin da suka rage, sannan ko tono ya zama dole. Ta biyun ba ta amsuwa sai an san ta ina ruwan ya shigo, domin ruwan da ke shiga ɗakin ƙasa, wanda mutanen nan ke kira besmen, ba hanya ɗaya yake bi ba, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan komai. Yadda ka kwatanta, kusurwa ɗaya, gefen taga, a Afrilu kaɗai, ya fi kama da ruwan sama-sama da ya taru a gindin bango. Irin wannan galibi shebur da bututun roba da 'yan baro na ƙasa ke maganinsa. Kada ka sa hannu a takardar kwangila yanzu. Ƙasa a daskare take, kuma narkewar bana ita ce za ta nuna maka inda ciwon yake in ka sa ido.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙanƙarar

Dusar ƙanƙara ruwa ce da aka tara maka tun Nuwamba, za a sakar maka ita cikin mako ɗaya ko biyu. Sabuwar zuba mai laushi kamar auduga, santimita 10 nata ba ya ba da fiye da kimanin santimita 1 na ruwa. Amma wadda ta yi wata huɗu tana danne kanta, irin wadda ke jikin bangonka yanzu, tana iya kai kashi ɗaya cikin uku ruwa. Ka ɗauki rufi mai faɗin murabba'in mita 100 da ke ɗauke da santimita 30 na irin wannan: wajen lita 9,000 ke nan, duro 45 na mai lita 200. Duk ta indararo huɗu ko biyar zai sauko. In kuwa indararon a gindin bango yake zubarwa, kowace kusurwa ta sha duro goma ke nan. Ba a ma lissafa ta tsakar gida ba, da wadda aka yi ta kwashewa daga hanyar mota ana tulawa a gefen gida.

Da ƙasa za ta shanye, da da sauƙi. To a Winnipeg sanyi kan daskarar da ƙasa har zurfin kusan mita 2, kuma tana nan kamar kankare har bayan ta sama ta gama narkewa. Wuri ɗaya ne bai daskare sosai ba, wato 'yar siririyar ƙasar da ke manne da bangon gidanka, saboda ɗumin da ke fita daga ɗakin ƙasa duk tsawon hunturu. Wannan ƙasar kuma ciko ce. Lokacin gini an tona rami ya fi gidan faɗi, aka zuba harsashi, aka mayar da ƙasa, kuma ƙasar da aka mayar ba ta komawa tauri irin na wadda ba a taɓa ba. Shekara hamsin tana zama tana lotsawa, har gefen bango ya zama ɗan kwari. Ruwan da ya rasa wurin nutsewa a duk filin sai ya gangaro nan, ya tarar da ƙasa mai laushi a buɗe, ya bi bango ya sauka.

Magina sun san da haka, shi ya sa suke binne bututu mai huji-huji kewaye da gindin harsashi, cikin tsakuwa, don ya tattara ruwan ya kai shi rami ko bututun gari. Idan ruwan ya fi ƙarfin wannan bututu, ko laka da saiwa sun toshe shi, sai ruwa ya tsaya a jikin bango kamar a rijiya. Ruwa mai zurfin mita 1 yana danna kowane murabba'in mita da ke ƙasansa da nauyin tan 1. Da irin wannan matsi, tsagar da ba ta fi silin gashi ba ta isa ƙofa. Ƙasar Winnipeg kuma yumɓu ce, shimfiɗar tsohon tafkin Agassiz. Ba ta shan ruwa da wuri, tana kumbura in ta jiƙe, ta tsuke ta dare in ta bushe, kuma wannan motsi nata ne ke tsaga bangon gidaje da yawa a garin.

Aikin waje, wanda ba ya jira

Fara da shebur. Kwashe dusar da ke jikin bango, ka ja ta baya mita 1.5 zuwa 2 a kewayen gidan duka, in ƙarfi bai kai ba ka fara da kusurwar da ta jiƙe bara da kuma ɓangaren kudu, inda rana ta fi bugawa kuma narkewa ke farawa. Ka tula ta a inda fili ya gangara nesa da gida, ba titi ba, ba kuma wajen bangon maƙwabci ba. Wannan dusar nauyi gare ta, ka riƙa ɗiban rabin shebur kana hutawa. A wajen mitar gas da bututun da injin ɗumama gida ke fitar da hayaƙi, ajiye shebur ka yi da hannu ko tsintsiya.

Daga nan sai ramin taga, wanda ni shi na fi zargi a gidanka. Tagar ɗakin ƙasa tana zaune ne cikin wani rami da aka kewaye da kwano mai siffar rabin da'ira, da tsakuwa a ƙasansa. Ganyen da ya zuba a Oktoba yakan kwanta kan tsakuwar, ya jiƙe, ya daskare ya zama murfi. Sai dusa ta cika ramin. Ranar da ta narke ruwa ba shi da mafita, sai ya yi ta hawa har ya kai leɓen tagar. Wanda ya leƙa daga ciki a irin wannan rana zai ga ruwa tsaye a bayan gilashi, ganye yana yawo a kai. Daga leɓen taga yake bi ta bayan allon bango ya sauka ƙasa, shi ya sa ba ka ganin ɗigarsa, sai dai kafet ya jiƙe. Kwashe dusar da ƙaramin shebur, ka zuba ruwan ɗumi ka ɓamɓare ganyen, ka tabbata saman tsakuwar yana ƙasa da leɓen taga da aƙalla santimita 15. Sannan ka sa murfin roba mai shara-shara, ana sayar da shi a shagunan kayan gini. In ɗakin na kwana ne, murfin ya zama wanda ake turewa daga ciki da hannu ɗaya, domin tagar nan ita ce hanyar gudu in gobara ta tashi.

Sai indararo. Kowanne ya kai ruwansa aƙalla mita 1.8 daga bango, ya zubar a inda zai ci gaba da gangarawa. Yawancin mutane suna ɗage ƙafar indararon ko su cire ta lokacin yankan ciyawa su manta ba su mayar ba. Ƙwanƙwasa shi da mariƙin sukundireba: in ya yi ƙara irin ta gwangwani a buɗe yake, in ya yi dum kamar itace to ƙanƙara ce cike. Ruwan ɗumi da rana tsaka yana buɗe shi. Kada ka buga da guduma, haɗin zai dare. In sai an sa gishiri, nemi na kalsiyam, domin gishirin titi yana cin kwano da kankare, ya kashe ciyawa. Daga bakin indararo ka sassare 'yar hanya a cikin ƙanƙarar, faɗin shebur ɗaya, har zuwa inda fili ya fi ƙasa, kamar yadda ake yashe kwata a gida kafin ruwan farko. In ka ga indararon da ya shige cikin ƙasa a gindin bango, wannan tsohon tsari ne, yana zuba ruwan rufi cikin bututun harsashi ko na ƙazanta. A yanke shi, a toshe bakin da ke ƙasa da murfi, a juya shi kan ciyawa. Birnin Toronto ma doka ya kafa a kan haka.

Rufin kuma daga ƙasa ake jan dusarsa, da dogon majanyi mai sanda, kamar mita 1 daga baki, don magudanar rufi ta samu ta buɗe. Kada ka hau, kada ka kafa tsani a kan ƙanƙara. In ka gama ka leƙa rariyar titi da ke kusa da ƙofarka. In ta rufe ka fasa mata, in ta daskare har ciki ka kira 311, lambar hukumar birni, suna da injin tururi da suke narkar da ita.

Famfon da ba ka taɓa buɗewa ba

Wannan rami shi ne zuciyar lamarin daga ciki, kuma famfon da ke cikinsa, wanda ake kira sam-fam, yakan yi wata biyar bai motsa ba sannan a buƙace shi dare da rana. A Winnipeg sai daga 1990 aka wajabta shi a sababbin gidaje, don haka naka wani mai gidan ne ya sa shi daga baya. Wannan kansa labari ne: gidan ya taɓa ganin ruwa.

Zare wayarsa daga soket tukuna, ka buɗe murfin, ka haska da tocila. Za ka ga famfon zaune a ƙasa, da bututu ɗaya da ya tashi sama, da wani ƙwallo ko 'yar gwangwanin roba da ke tasowa in ruwa ya hau, ita ce ke kunna shi. A gefen ramin ka duba ko akwai bakin bututu ɗaya ko biyu masu faɗin inci 4 da suka shigo, su ne na harsashi. Sa safar hannu ka kwashe tsakuwa da laka da duk abin da ya faɗa. Ka motsa ƙwallon sama da ƙasa, ka tabbata ba ya gogar bangon ramin, waya kuma ba ta naɗe shi ba. Abin da na fi tararwa a gidajen da ruwa ya ci ba mutuwar injin famfon ba ce, famfon ne yake jijjiga yana matsawa kaɗan-kaɗan har ƙwallon ya maƙale a gefe.

Mayar da wuta, ka zuba ruwa a hankali, bokiti ɗaya ko biyu na lita 20, har famfon ya tashi da kansa. Ya kamata ya kwashe cikin daƙiƙu kaɗan ya tsaya da kansa. Ka sa wani ya tsaya a waje ya ga ruwan ya fito da ƙarfi. In injin yana gurnani ruwa bai ragu ba, abu uku ne: ko bututun waje ya daskare, ko iska ta maƙale a cikin famfon, ko tsakuwa ta riƙe farfelar. Na farkon ya fi yawa a wannan wata, kuma sanadinsa doguwar tiyo mai laushi da aka bari a haɗe tun kaka, ruwa ya kwanta a lanƙwasarta ya daskare. Cire ta, ka narkar da bakin bututun da ruwan ɗumi ko na'urar busar da gashi, ba da wuta ba, ka sa guntun bututu mai tauri da ya fi faɗi, a gangare, ya kai ruwan mita 2. Doguwar tiyon sai sanyin dare ya daina daskarar da ruwa. Maganin iska kuwa wani ɗan huji ne mai faɗin milimita 5 a jikin bututun, cikin ramin, sama kaɗan da famfon, yana kallon ƙasa. In ya toshe ka zura masa ƙusa.

Idan famfon ya tsaya ka ji ruwa ya dawo ramin da yawa, har ya sake kunna shi, bawul ɗin da ke jikin bututun mai hana ruwa komowa ya lalace. Ba shi da tsada, da maɗauri biyu ake ɗaure shi, ka dai lura kibiyar da ke jikinsa ta kalli sama. Ka bi bututun da ido ka ga inda ya ƙare. In cikin rariyar ɗaki ko kwamin wanki yake zubarwa, a gyara, domin dokar birni ta hana, kuma ranar da bututun gari ya cika, kanka ruwan zai dawo.

Akwai lissafin da za ka yi a ranar da narkewa ta yi tsanani. Ramin da faɗinsa santimita 45 ne, kowane santimita 1 na hawan ruwa lita 1.6 ne. Da famfon ya tsaya, tsoma sanda, ka jira minti ɗaya, ka auna. In ya hau santimita 15, lita 24 ke shigowa a minti. Ƙara rabin wannan a kai, ka sami 36, to famfonka ya iya fitar da hakan a tsayin da yake turawa, wanda galibi mita 3 ne. Takardar famfo tana nuna abin da yake fitarwa a kowane tsayi. Mai ƙarfin doki sulusi ya ishi yawancin gidaje, mai rabin doki na gidan da ruwa ya yi wa yawa ne. Babba fiye da kima ba gwaninta ba ce, yana yawan tashi da tsayawa har makunnin ya ƙone. Famfo yakan yi shekara 7 zuwa 10. Tunda ba ka san shekarun naka ba, ra'ayina ka sayi sabo yanzu ka ajiye a gefe da kayan haɗinsa, domin a makon narkewa shaguna kan ƙare, masu aikin famfo kuma ba sa ɗaga waya.

Famfon ya sami soket nasa shi kaɗai, ba a kan doguwar wayar jona ba. Kuma ka yi tunanin ɗauke wuta. Nan ba kasafai ake ɗaukewa ba, amma guguwar ƙarshen hunturu ita ce ke karya turaku, daidai lokacin da ramin ke cika. Ƙaramin famfo na biyu mai batir na bolt 12, wanda ake ɗora shi sama kaɗan da na farko, shi ne maganin wannan, batirin kuma a sauya shi duk shekara 3 zuwa 5. Ƙara da 'yar ƙararrawa mai kuka in ruwa ya taɓa ta, ɗaya a bakin rami, ɗaya a kusurwar da ta jiƙe. In janareto za ka yi amfani da shi, a waje, mita 6 daga ƙofa da taga. Ba a gareji ba, ko da ƙofar a buɗe take. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Ruwan da ke tasowa daga rariya

Wannan daban ne, kuma shi ya fi muni. A tsofaffin unguwannin Winnipeg bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan titi da ƙazantar gidaje. In ruwan sama ya sauka a kan narkewa ya cika shi, sai ya juyo cikin gidaje ta wurin da ya fi ƙasa, wato rariyar ɗakin ƙasa da masai da wurin wanka na can. Ba a kuskure shi: baƙi ne ko toka-toka, da wari. Naka bai yi kama da wannan ba, amma ka duba ko kana da kariya. Bawul ne da ake sakawa a babban bututun gida, da wani marfi da ke kwance, in ruwa ya juyo ya ɗaga shi ya rufe hanya. An wajabta shi a sababbin gidajen garin tun 1979, naka ya riga wannan. Nemi murfi a daɓen ɗakin, yawanci kusa da bangon da ke kallon titi. In akwai, buɗe shi sau biyu a shekara, ka wanke maiƙo da tarkace da ruwan zafi, ka ga marfin yana motsi kuma robar bakinsa ba ta tsage ba. In babu, aikin mai lasisi ne, da izinin hukuma, kuma ka tambayi birni ko akwai tallafi a bana.

Abu biyu game da wannan bawul da ba a cika faɗa wa mutane ba. In ya rufe, ruwan gidanka ma ba ya fita, don haka a daina wanka da wanki da kora masai har ruwan gari ya sauka. Sannan a gidaje irin naka bututun harsashi sau da yawa cikin bututun ƙazanta yake zuba, in bawul ya rufe shi ma ya rasa mafita, shi ya sa bawul da famfon rami tare suke tafiya. Kuma a faɗa wa uwargida da yara: man suya, manja, kitsen nama da romon da ya yi maiƙo, kada su bi kwamin wanke-wanke. A bututu mai sanyi nan take suke daskarewa, su ne ke hana marfin rufuwa. A bari su huce a gwangwani a jefa a shara.

Karanta sawun ruwan

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin narkewa ka ɗage kafet a kusurwar nan, ka janye kaya rabin mita daga bango, buhunan shinkafa da akwatunan tufafi da takardu a ɗora su kan kanta santimita 30 daga ƙasa, cikin robobi masu murfi, ba kwali ba. Sannan safe da yamma ka sauka da tocila da alli, ka zagaye inda danshi ya fara, ka ɗauki hoto da kwanan wata.

Sawun da ya fara daga ƙasan taga ya gangaro, ramin taga ne. Wanda ya fito daga siririyar tsaga a tsaye, galibi daga kusurwar taga zuwa ƙasa, tsagar bushewar kankare ce. Ana yi mata allurar wani kumfa mai kumbura daga ciki, ya cika ta har waje, aikin yini ɗaya ba tono. Ɗigon da ke fitowa daga wasu tabo masu zagaye a jere, ramukan ƙarafan da suka riƙe katakon zubi ne, siminti mai saurin kamawa yana toshe su. Farin gari kamar kanwa a jikin bango alama ce ruwa ya daɗe yana ratsawa yana bushewa. In kuwa bangon gumi kawai yake, manna leda mai faɗin santimita 30 da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana biyu: danshi a bayanta daga ƙasa yake, danshi a fuskarta daga iskar ɗaki ne, na'urar tsotse laima ta ishe shi, a riƙe laimar ƙasa da kashi 50 cikin 100.

Wanda ke nuna matsalar bututun harsashi shi ne ruwan da ke ɓulɓulowa daga mahaɗar bango da daɓe, a bango fiye da ɗaya, ko daga tsagar tsakiyar daɓe, alhali ramin famfo kusan a bushe yake. Ma'ana ruwa yana nan amma ba ya isa ramin. Ko a nan ma, kafin tono a zura kyamara a ga ko toshewa ce da za a iya wankewa ko bututun ne ya rushe. In ya rushe, zaɓi biyu ne. Tono daga waje, a shafe bango da abin hana ruwa, a sa sabon bututu da tsakuwa, shi ne gyara na asali, kuma ana iya yin bango ɗaya kawai. Ko a fasa daɓe daga ciki a bakin bango a shimfiɗa bututu zuwa rami, wanda ya fi araha amma ba ya hana bangon jiƙa, ruwan kawai yake tarewa. Fentin hana ruwa da ake shafawa daga ciki kada ka ɓata kuɗinka a kansa in akwai matsi, ɓarewa yake yi.

Inda shawarar nesa ta ƙare shi ne tsagar da ta kwanta a tsakiyar bango, ko wadda ta fi milimita 6, ko bangon da ya turo ciki. Wannan ba maganar ruwa ba ce kuma, ƙasa ce ke tura gini. Injiniyan gini za ka kira, wanda ba shi ne zai yi aikin ba, ya rubuta maka abin da ya gani kafin ka saurari 'yan kwangila. Haka nan gidan da ke bakin kogi. Kogin Red, wanda ya ratsa Winnipeg, arewa yake gudu, ya narke a kudu alhali gabansa a daskare, shi ya jawo ambaliyar 1950 da ta 1997, kuma shi ya sa aka haƙa babbar magudanar da ta kewaye birnin, wadda aka gama a 1968. Wannan ya fi ƙarfin famfon gida, sanarwar hukuma ake bi.

Abin da ya rage wa sauran shekara

Gyaran da ya fi komai tasiri a Yuni ake yinsa. Ƙasa ta gangara daga bango santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Ɗora dogon katako da lebur, ma'aunin daidaito na magina, ka auna. Ciko da yumɓu ake yi, a zuba santimita 10 a daddaɓe, a ƙara, sannan a rufe da ƙasar shuka. Yashi ko tsakuwa ba ciko ba ne a nan, rariya ka yi wa ruwa. A bar santimita 15 zuwa 20 tsakanin ƙasa da katakon jikin gida. Ka duba ƙarƙashin matakalar ƙofa da dandamalin baya, nan ƙasa ta fi lotsawa ba a gani. Kafin ka tona ko'ina ka nemi a zo a yi maka alamar bututun gas da wayoyi, kyauta ne. A watan ne kuma za ka gwada ramin taga da tiyo: minti goma ruwa yana zuba bai taru ba, lafiya.

A Oktoba, bayan ganye ya gama zuba, a yashe magudanar rufi da ramukan taga, a cire doguwar tiyon famfo, a cire tiyon ban ruwa, a rufe famfon ban ruwa na waje daga ciki a tsiyaye shi. In bara ba ka yi haka ba, ranar da za ka fara buɗe famfon waje ka sa wani ya tsaya a ɗakin ƙasa, domin bututun da sanyi ya fasa ba ya nuna kansa sai an buɗe.

Ka kira kamfanin inshorarka a wannan makon. A Kanada ruwan da ya taso daga bututun ƙazanta ƙari ne da ake saya daban, ruwan da ya malalo ta ƙasa shi ma daban, kuma wannan sai daga 2015 aka fara sayar da shi ga gidaje, bayan ambaliyar Alberta da ta Toronto a 2013. Ruwan da ke tsattsafowa ta tsaga a hankali galibi ba sa biya. Tambaye su ɗaya bayan ɗaya, su ba ka a rubuce.

In duk da haka ruwa ya shiga, kada ka taka shi matuƙar ya kai soket ko injin ɗumama gida, ko kuma akwatin wuta a can ƙasa yake. Kira kamfanin wuta su yanke daga waje. In ya yi zurfi sosai kada a zuƙe shi gaba ɗaya, kashi ɗaya cikin uku a kowace rana, domin ruwan ciki yana tokare da na waje, in ka kwashe da sauri bango na iya turowa. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Fumfuna tana kamawa cikin awa 24 zuwa 48, don haka a ranar a fitar da kafet, soson da ke ƙarƙashinsa a jefar, a yanke allon bango santimita 30 sama da inda ruwa ya tsaya, a ciro audugar da ta jiƙe a bayansa, a kunna fanka da na'urar tsotse laima, kuma kada a mayar da allo sai katakon ciki ya bushe ƙayau.